Gida da Tsallake

Ana sauko da Malam Talha daga motar da ta kawo shi daga asibiti a Azare, sai ya buɗe ido, ya dubi ƙofar zaurensa, ya ce, "Gida na ce ku kai ni."

Ɗansa Abdulrahim ya ji nauyin jama'a, ya ce tun jiya haka yake, ciwon ya taɓa masa hankali. Mata suka ɗauki salati. Bappayo kuwa, tsohon Bafulatanin da katanga ɗaya ta raba su da Malam, sai ya bar wurin. Ya zagaya baya ya fara ɗaura wa shanunsa amalanke.

Hankalin Malam garau yake. Ƙauyen nan na hanyar Chinade sunansa Tsallake, don kuwa tsallakowa aka yi. Asalin garin yana hayin rafi, cikin kwari. Ambaliya ce ta cinye shi wata damina, mutane suka hauro tudu da awakinsu da ɗan abin da ya yi saura. Tun daga nan tsofaffi ba su taɓa yarda sun kira sabon wurin gida ba. In sun ce Gida, kufai suke nufi. Yanzu masu wannan bakin sun ƙare, saura su biyu, Malam da Bappayo.

Da Abdulrahim ya gane inda aka dosa, ya tare hanya, wai likita ya ce a bar shi ya huta.

"Don ya warke likitan ya sallame shi?" in ji Bappayo.

Abdulrahim ya sunkuyar da kai, ya shiga ya ɗauko tabarma da matashi.

Suka ratsa gonakin gero da gyaɗa a hankali, don kada rami ya jijjiga mara lafiya. Sai dai marka ce, suka tarar rafi ya kawo, ya cika ya batse. Shanu suka turje. Bappayo ya lallashe su da Fulatanci, ya zage su da Hausa, ko gezau. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, ga Gida ana gani, ga ruwa a tsakani.

Malam ya sa aka jingina shi. Ya riƙa nuni da yatsa yana faɗa a hankali: gindin tsamiyar can kasuwa ce, gabas da ita rijiya, can inda ƙasa ta ɗan tasa nan aka binne mahaifiyarsa. Abdulrahim bai ga komai ba sai gonar dawa, amma ya yi ta tambaya, abin da bai taɓa yi ba tun da ya yi wayo.

Can Malam ya ce, "Bappayo, ƙasar Gida ja ce ko baƙa? Na manta."

Shi ma Bappayo ya laluba a ransa bai samu ba. Ya tuɓe riga, ya dogara sandarsa ya shiga ruwa. Abdulrahim yana "Baffa, dawo," ko waiwaye bai yi ba. Ruwa ya kai masa ƙirji, ya haye da ƙyar, ya cika hularsa da ƙasa, ya juyo yana ɗaga ta sama.

Ko da ya fito, ya tarar Abdulrahim ya ja mayafi ya rufe fuskar mahaifinsa. Bappayo ya tsaya jikin amalanke yana haki, ya yi salati, sannan ya sunkuya daidai kunnen maƙwabcinsa.

"Baƙa ce, Malam."

Ya ajiye hular kusa da hannunsa, ya kama igiyar shanu ya juya su. Ruwa na ta ɗiga daga wandonsa a kan turba.