Ƙa'idar da Auta Ta Rubuta

Shekara ashirin Farfesa ta yi a kwamitin ɗaukar ɗaliban digiri na biyu na sashen shari'a, ba ta taɓa tashi ta bar ɗakin ba sai ranar da fayil ɗin yayanta ya hau tebur. Doka ce, wanda ya haɗa jini da mai nema ya fita. Ta fita ta tsaya a baranda kamar ɗalibar da aka kora daga aji.

Yaya ya riga ta karanta shari'a, kuma ko maƙiyinsa ya san ya fi ta kai. Shekarar da aka ɗauke shi digiri na biyu Baba ya rasu, ya bar masa ƙanne biyar da uwa mai jinya. Ya nemi a ɗage masa karatun, aka ba shi takarda, ya kama aikin rajista a ƙaramar kotu, wai na shekara ɗaya. Shekara ɗayar nan ta haihu har ta yi jikoki. Ita, autarsu, ta yi digiri na biyu, ta yi na uku, ta rubuta littattafai, shi kuwa yana can yana buga hatimi a takardun lauyoyin da ba su kama ƙafarsa ba.

Da ya yi ritaya bana sai ga shi da takardar, ta yi ruwan ƙasa, ninkinta ya kusa rabewa. Hujjarsa ita ce ba a yanka wa'adi a cikinta ba, don haka alkawarin yana nan da ransa. Farfesa ta yi dariya, amma ta san abin da ke jiransa. Shekara goma da suka wuce an kafa ƙa'ida cewa ɗagewa ba ta wuce shekara biyu, tsohuwa da sabuwa, kuma mai nema daga farko sai ya kawo wasiƙar malamai biyu da suka koyar da shi. Malaman Yaya duk sun riga mu gidan gaskiya. Ita ta rubuta ƙa'idar da hannunta, har aka yaba mata don ba ta bar kafa ko ɗaya ba.

Ba ta daɗe a barandar ba shugaban sashe ya leƙo, yana kallon ƙasa. Ya ce sun juya ta gaba da baya, ba su ga inda za su bi ba.

Ta sami Yaya a ƙasa kan bencin ɗalibai, sabon littafin rubutu a cinyarsa, yana bin matasan da ke shiga laburare da kallo irin na mai ƙishirwa da ya hango randa. Ta faɗa masa komai, har da wadda ta rubuta. Ya karɓi ƙa'idar ya karanta sau biyu yana bi da yatsa.

"Ta rubutu, Auta. Da ni ne alƙali, haka zan yanke."

Da faɗa ya yi da ta fi samun sauƙi. Ta zauna kusa da shi.

"Ajinki na Litinin fa?" ya tambaya can. "Akwai dokar da ta hana tsoho zama a baya? Ba sai an rubuta sunana ba. So nake kawai in ji abin da ake faɗa a ciki."

"Babu, Yaya. Ƙarfe takwas."

Ya buɗe littafin, ya rubuta ƙarfe takwas a shafin farko.