Kanti na Shida

A shekarar 1911 kantunan kayan masarufi bakwai ne a garin Wairenga. Uku suna babban titi, kusa da banki da gidan waya. Sauran huɗun suna gangare, wajen bakin kogi, inda ma'aikatan injin katako suke zaune. Ni nake ɗauko wa jaridar garin rahoton zaman majalisa a lokacin, saboda haka takardun wannan magana duk sun bi ta gabana.

A watan Afrilu masu kantunan babban titi, da Mista Tulloch a gaba, suka kai wa majalisar gari takarda suna neman a sa duk mai sayar da kayan masarufi ya riƙa rufewa da ƙarfe shida na yamma. Doka ta ba su wannan damar. Idan fiye da rabin masu sana'a ɗaya suka sa hannu, magatakardan gari ya ƙirga ya tabbatar, sai a aika Wellington, babban birnin ƙasar, a buga a jaridar gwamnati. Daga nan ta hau kan kowa, da wanda ya sa hannu da wanda ya ƙi.

Wadda abin zai fi taɓawa ita ce Misis Ettie Vodanovich. Kantinta yana daura da matsayar jirgin fito, kuma jirgin da yake kwaso ma'aikata daga tsallaken kogi shida da kwata yake isowa. Abin da take sayarwa daga nan zuwa takwas ya fi na sauran wunin gaba ɗaya. In aka rufe ta da shida, ma'aikata za su sauka su tarar da ƙofa a garƙame, matansu kuma su koma aika wa Tulloch, mai keken doki da yake kai kaya har gida.

Amma lissafi yana gefenta. Dokar ba ta ƙirga kowa sai talakan Sarkin Ingila, don haka aka cire Wong Hee, ɗan Sin mai kanti a bayan maƙera. Saura shida. Uku sun sa hannu, uku sun ƙi, kuma uku ba su fi rabin shida ba.

"Uku da uku ne," take gaya wa duk wanda ya shigo. "Su je su haifo na huɗu."

A wannan watan ne kuma majalisa ta kawo maganar rance. Fam dubu huɗu za a ciyo a gina magudanar ruwa a gangare. Aka zana jan layi a taswira, aka kewaye tituna biyar, aka ce masu filayen da suke cikin layin su ne za su biya ƙarin harajin, su ne kuma za su jefa ƙuri'a a kan rancen, su da matansu ko mazansu. Ettie tana son magudanar nan, don duk ruwan da aka yi sai ya shiga mata ɗakin ajiya. Gida gida ta bi tana haɗa ƙuri'u. Ranar Litinin ta taso mijinta Ante zuwa ofishin majalisa a sa sunansa a rajista. Ina wurin ina kwafar sanarwa.

"Mista Pirie, ga ƙuri'a ɗaya na kawo maka, da ƙafarta ta zo," in ji ta.

Ante ya cire hula. Ƙato ne marar yawan magana, ya shekara goma yana haƙo ƙaron da yake binne a ƙasa a daji kafin ya koma kamun kifi. Pirie, magatakardan gari, ya tsoma alƙalami a tawada.

"Ina aka haife ka?"

"Dalmatia."

"Ƙasar Austria ke nan a takarda."

"A takarda dai," in ji Ante.

"Takardar zama ɗan ƙasa fa?"

"Ya cike ta tun kafin aurenmu," in ji Ettie. "A teburin babana ya cike ta."

"Na cike," in ji Ante, yana juya hular a hannu. "Ban aika ba."

"Ba ka me?"

"Lokacin kifi ya shigo."

"Shekara goma sha ɗaya, Ante! Kifin bai fita ba har yau?"

Pirie ya ajiye alƙalamin. Ya sauko da wani littafi daga kanta, ya buɗe, ya karanta, ya rufe.

"Misis Vodanovich, da kin bar shi a gida. Macen da ta auri baƙo, doka baƙuwa take ɗaukarta."

"Ni? A bayan cocin Methodist aka haife ni. Wannan teburin da ka jingina a kai, ubana ne ya haɗa shi."

"Na sani. Har kek ɗin bikinki na ci. Ba rancen nake tunani ba. Takardar Tulloch nake tunani. In ba a ƙirga ki ba, kantuna biyar ne."

Ba ta buƙaci a ƙarasa mata ba. Uku sun fi rabin biyar.

"To ba mu zo ba," ta ce a hankali. "Ba ka gan mu ba, Mista Pirie."

"Na gan ku. Ga kuma ɗan jarida."

Ta juyo ta dube ni. Na ce ni zaman majalisa kawai nake rubutawa.

"Ko babu shi," in ji Pirie. "Ranar Juma'a da sha biyun rana zan ƙirga. Abin da na tarar shi zan rubuta."

Ranar Talata Ettie ta je wajen lauya. Ya ce takardar Ante, ko yau aka aika, sai ta yi wata uku, in an yi sa'a. Ta je wajen ɗaya daga cikin ukun da suka sa hannu ta roƙe shi ya janye. Ya ce surukin Tulloch ne yake ba shi hayar kanti, ta yi haƙuri. Da yamma na wuce ta gaban kantinta na ga tana auna fulawa tana kallon agogon bango, har fulawar ta zube a kan sikeli.

Ɗaki nake haya a saman kantin Mis Haddow, tsakanin babban titi da gangare. Mis Haddow shekararta saba'in da ɗaya, ba ta taɓa aure ba. Zare take sayarwa da allura da maɓallai da leshi. A ƙarshen kanta ɗaya tana ajiye ganyen shayi da kyandir saboda maƙwabta. Ƙarfe biyar take rufewa, ta dafa ƙwai ɗaya, ta zauna da saƙarta.

Laraba da rana duk kantunan garin hutun rabin wuni suke yi, titi ba kowa. Da ƙarfe biyu na ji ƙarar baro a ƙasa. Na sauko na tarar Ante yana sauke buhun sukari, Ettie kuma tana kwashe akwatunan maɓallai daga kanta.

"Ettie, 'yar nan, ni ban gane ba," in ji Mis Haddow. Tana tsaye a tsakiyar kantin da hannu a ƙirji.

"Ba abin ganewa, Mis Haddow. Kina sayar da shayi ko ba kya sayarwa?"

"Fakiti biyu a mako."

"To daga yau kin ƙara jari. In kayan masarufi suka fi yawa a kantinki, ke ma mai kayan masarufi ce. Sai mu koma shida. Ba abin da za ki yi, ba abin da za ki sa wa hannu. Zama kawai."

"Ba laifi ba ne?"

"Laifi ne mutum ya sayar da sabulu?"

"Mahaifiyarki ma haka take," in ji Mis Haddow. "In ta shigo da magana sai ka ga ka yarda ba ka san yaushe ba."

Sahu bakwai Ante ya yi. Sukari, fulawa, shinkafa, sabulu, kananzir, kifin gwangwani, taba. Ettie ta rubuta rasit ta sa a aljihun rigar tsohuwar, ta ce in an tambaya ta nuna. Sannan ta dube ni.

"Kai kuma, zaman majalisa kawai."

Na ce haka ne.

Alhamis da safe Pirie ya zo da awon tela a aljihu. Ya auna kantocin ɗaya bayan ɗaya. Kayan ɗinki ƙafa tara, kayan masarufi ƙafa goma sha huɗu.

"Mis Haddow, kayan nan naki ne?"

"A kantina suke."

"Ba abin da na tambaya ke nan ba."

Ta zaro rasit ta miƙa masa. Ya karanta, ya daɗe yana kallon tawadar, ya mayar mata.

"Ana saye kuwa?"

"Za a saya," in ji Ettie daga bakin ƙofa.

"Kanti sai da ciniki," in ji Pirie. "In na ji ana saye, na rubuta ta."

Wannan maganar ce ta sa Ettie ta yi abin da ta yi da yamma. Da jirgin fito ya iso, duk wanda ya nemi sukari ko taba sai ta ce ya ƙare, ya hau wajen Mis Haddow. Rabin gaskiya ne, don kantocinta sun yi fayau. Tana so gari ya ga ana ciniki.

Ƙarfe shida da rabi aka fara bugun ƙofa. Mis Haddow ta riga ta rufe, ta ɗora ƙwanta a wuta. Ta buɗe ta ga maza goma sha biyu da manyan takalma, garin katako har gira.

"Kaka, an ce kin shiga kasuwa!"

"Taba ta kwabo shida, Kaka, kar ki auna mini da awon leshi."

"Ku matsa mata, kun tsorata ta. Kaka, in na sayi sukari za ki ɗinke mini wandon nan gyara?"

Ba mugunta suke yi ba, haka suke magana da kowa. Amma ba ta da sikeli sai ɗan ƙarami na auna ulu, ba ta san farashin komai ba, kuma kantin ba ya ɗaukar mutum huɗu. Wani ya ture kwalbar maɓallai ta fashe. Wani ya zo da karensa. Na sauko na taya ta ƙulla sukari a takarda. Da ta rufe sai a sake bugawa. Na ƙarshe ya zo takwas saura, ya biyo ta mashaya, ya yi ta dukan taga yana kiran kananzir. Bayan ya tafi na same ta zaune a kan buhun fulawa. Ƙwan ya ƙone a tukunya.

"Kullum haka za a yi?" ta tambaye ni.

Na ce ban sani ba.

Juma'a da ƙarfe tara Mista Tulloch ya shigo, hularsa a hannu. Ina kan matakala ina ɗaura takalmi. Ya yi mata murna da shiga sana'a. Ya ce ya ji an wahalar da ita jiya, abin bai yi masa daɗi ba, mace mai shekarunta. Bai ɗaga murya ba, bai ambaci sunan Ettie ba. Ya shimfiɗa takardar a kan teburin yankan leshi, ya ce yanzu ita ma tana da bakin magana kamar kowane mai kanti, kuma in dokar ta fito, duk wanda ya buga mata ƙofa bayan shida, ita da kanta za ta ce masa gwamnati ta hana.

Ta ɗauko tabarau ta karanta takardar tun daga sama har ƙasa. Ta tambaye shi a ina ake sa hannu.

Sha ɗaya da rabi Ettie ta shigo da fara'a, ta kawo mata burodi mai zafi. Mis Haddow ba ta ɓoye mata ba.

"Na sa hannu, Ettie. Ki aiko Ante ya kwashe sukarin nan. Ni ba zan iya ba."

"Kin sa hannu a me?"

"A ta Mista Tulloch."

"Na ce miki zama kawai!"

"Ai ba su bar ni na zauna ba, 'yar nan."

Ettie ta ajiye burodin a kan tebur ta fita. Na bi ta, don dama ofishin majalisa za ni. Ba ta yi gudu ba, amma sai da na ɗaga ƙafa kafin na kamo ta. Sha biyu saura minti biyar muka shiga. Pirie yana zaune da takardar a gabansa da jerin kantuna a gefe.

"Ka cire ta," in ji Ettie, tana haki. "Ba mai kayan masarufi ba ce. Kayana ne, ni na kai. Ka tambayi wannan, a gabansa aka yi."

Pirie bai tambaye ni ba. Ya juyo da jerin yadda za ta gani, ya ɗora yatsa a kai.

"In na cire ta, kantuna biyar, hannu uku. In na bar ta, kantuna shida, hannu huɗu. Wanne kike so in rubuta?"

Ta daɗe tana kallon takardar, leɓunanta suna motsi. Ta sake ƙirgawa da yatsa, daga sama, sannan daga ƙasa.

"In ka cire ta, me zai same ta?"

"Ta nuna mini rasit ta ce kayanta ne. Dole in rubuta wa majalisa dalilin cirewa."

"A karanta sunanta a zaure?"

"A karanta."

Ettie ta janye hannunta daga teburin.

"Rubuta shida."

Ya rubuta, ya sa hannu, ya buga hatimi, ya sa takardar a ambulan na Wellington.

"Yaushe za ta fara aiki?"

"In an buga. Mako uku, ko huɗu."

"Mako huɗu," in ji ta. "To yau dai sai takwas."