Gicciyen Madam Rosalia

Sumaya na cire takalmi a bakin ƙofa ta hango abin a wuyan Afua. Gicciyen zinaren Madam Rosalia ne, wanda tsohuwar ba ta yarda a cire mata ko wurin wanka.

"Ke, wannan fa?"

"Madam ta ba ni," in ji Afua, tana jan wuyan riga ƙasa don ya fito sosai. "Yesu ya tuna da ni, 'yar'uwa."

Su biyu ke jinyar tsohuwar a gidanta da ke unguwar Port Richmond, can ƙasar Turawa, Sumaya ranakun aiki, Afua Asabar da Lahadi. Duk 'yan Kumasi ne. Makon jiya ɗan Madam ya ce mutum ɗaya zai riƙe, kuma uwarsa ce za ta zaɓa. To, ga zaɓin nan yana lilo a ƙirjin Afua da safiyar Litinin.

Madam dai sakandare ta koyar, amma sai an ce mata Farfesa take shan magani. Karatunta kuma ɗaya ne tal, tarihin gicciye. Afua da an fara take gyangyaɗi. Sumaya ce, da hijabinta da komai, ta shanye shi tas, cokali a hannu tana jiran a buɗe baki.

"Kin ma san Kiristocin farko ba sa rataya shi?" Sumaya ta ce tana kunna butar shayi. "Itacen da Romawa ke kashe mutane a kai ne. Wa zai sa wannan a wuya? Kifi suke zanawa su gane juna. Sai da Sarki Konstantin ya zo tukuna."

"Kai, Malama Sumaya! A wane masallaci aka koya miki?"

"A nan, ina wanke fo."

Afua ta yi dariya, ta sumbaci gicciyen, ta ɗauki jakarta. "Ki riƙe kifinki. Sai Asabar."

Sumaya ta kai wa Madam shayi, ta dire kofin har ya fantsama. Ba ta ce Farfesa ba.

"Kin ga sarƙar," in ji tsohuwar da Turancinta na hanci.

"Makaho ma ya gani."

"Ba na sallamar mutum hannu rabbana. Afua yarinyar kirki ce, amma ba ta saurare. Ɗana zai kira ta anjima. Ke za ki zauna, har Asabar da Lahadi."

 Sumaya ta lalubi murna a cikinta, ta samu, 'yar kaɗan. Ta taga tana hango Afua a tashar bas, ba ta san komai ba, rana na dukan zinaren.

"Jawo kujera," in ji Madam. "Ran Juma'a mun tsaya a ƙarni na huɗu."

Sumaya ta jawo kujera, idonta na kan taga.

"Farfesa."

"Na'am?"

"Kifin nan na mutanen farko, akwai na zinare?"

"A ƙasa suke zana shi, yarinya. In sun gama su share da ƙafa."