Hamsin da Takwas Cikin Ɗari

…kuma hamsin da takwas ba tamanin ba ne, ko ta ina ta juya shi. Tana sake dannawa, kwamfuta tana sake ba ta amsar jiya. Masu ciwon ƙoda sittin da ɗaya, kowanne an jera shi da masu lafiya huɗu. Tambayar guda ce tak: tururin fentin mota yana kashe ƙoda ko a'a? In ma yana kashewa, lissafin lojistik ɗin nata sau hamsin da takwas cikin ɗari kawai zai iya kamo shi. Kwamitin amincewa da bincike kuwa tamanin yake so, jibi. In babu, sai a rufe fayil, a ce Allah ya kai mu baɗi.

Fanka tana ta ƙiƙi-ƙiƙi a saman ofis — irin kukan injin fesa na garejin Baba. Baba da hankici ɗaure a hanci, gashin gira shuɗi yau, ja gobe. Tana 'yar firamare, zaune kan tsohuwar taya, tana ƙirga masa motoci. "Malamar lissafi, nawa muka yi?" "Uku da rabi." "Wace ce rabin?" "Wadda ba ta bushe ba." Dariya har da tari… warin nan mai zaƙi-zaƙi da ke bin rigarsa har gida, Umma tana faɗa, ita kuwa tana cusa hanci a aljihunsa. Ashe…

A'a. Babu ashe. Ashe ai sai an gwada.

To a ƙara masu lafiya mana? Goma ga kowane mai ciwo! Lambar ta ɗan motsa, sittin da 'yan kai, ta tsaya. Farfesa ya faɗa tun a aji, alli a kunne: "'Yata, bayan huɗu, tara masu lafiya zuba ruwa ne a kwando." Lokacin har tafi suka yi. Lokacin lissafi wasa ne, kowace tambaya amsarta tana bayan littafi.

Shekaru, taba, hawan jini — dole su shiga, kar a ɗora wa fenti laifin sigari. Kowanne ya shigo sai ya gutsuri ƙarfin lissafin. Baba bai taɓa shan taba ba. Baba ma ba ya cikin sittin da ɗayan. An ce ciwon ƙafa ne, kumburi ne, sanyi ne, har aka kai shi makwanci babu takardar gwaji ko ɗaya. Wanda ba a rubuta ba, ba a ƙirga shi.

Ga ɗan akwatin nan a kwamfuta, inda ake sa hasashen sau nawa fenti ke ninka haɗarin. Ninki biyu ta rubuta, abin da takardu suka nuna ke nan. In ta mai da shi uku… casa'in da wani abu, kwamiti ya sa hannu. Wa zai sani? Lamba ɗaya. Amma in gaskiyar biyu ce, binciken zai dawo hannu rabbana, a buga cewa ba a ga alaƙa ba, masu gareji su ci gaba da ɗaura hankici — da sa hannunta.

Ana ƙwanƙwasa ƙofa. Nas ce daga sashen wankin ƙoda, ko shigowa ba ta yi ba.

"Ke sarkin lamba, kin samu sababbi biyu. Ɗaya mai fenti ne."

"Alhamdulillahi!"

Kalmar ta riga ta fita daga bakinta. Da murya, har da murmushi.

Nas ta ɗan dube ta, ta ja ƙofa.

Sittin da uku. Hamsin da tara da ɗigo… Saura masu ciwo arba'in da wani abu kafin a kai tamanin cikin ɗari. Arba'in — kowanne da mai jiransa a gida. Wannan take jira ke nan? Tun yaushe?

Yatsanta yana kan lamba uku. Ba ta danna ba, ba ta ɗauke ba…