Obin ɗin da Baba Direba Ya Zaɓa

"Rufe idonki, 'yata. Ba da wasa nake ba, rufe sosai."

Maiɗinki ta rufe ido a tsakiyar kantin kayan kicin, kunya kamar ta nutse. Aikin mutane ta bari a kan keken ɗinki ta rako Baba Direba, maƙwabcinta da bango ɗaya ya raba su, don ya ce obin na gasa burodi zai saya wa matarsa kuma yana son idon mace. Ga shi an zo, idon ne ma ba ya so.

"To, kunna shi."

Ta shafa gaban obin ɗin. Gilashi ne sumul, babu inda yatsa zai kama. Mai kantin, wanda ya gama zuba bayani cewa wannan ne ake yayi, taɓawa kawai ake yi, ya koma dariyar yaƙe. Baba ya ce a je na gaba.

Ba rigimar tsufa ba ce, kuma Maiɗinki ta sani. Idon Mama, matar Baba, ya daɗe yana dusashewa, yanzu haske da duhu kawai take rarrabewa. Hannunta dai bai manta da komai ba, har gobe ƙamshin burodinta ne ke tayar da layin. Sai dai kwanakin baya ta murɗa gas, wuta ba ta kama ba, ita kuma ba ta gani ba, sai da warin ya shiga tagar Maiɗinki ta zo a guje. Da labari ya kai kunnen ɗansu, wanda kowa ke kira Lauya, ya yanke hukunci irin na aikinsa: muddin Baba na nan, shi ke nan, amma ranar da babu shi zai ɗauke Mama zuwa gidansa na bene, a sa mata mai aiki, ko cokali ba za ta ƙara wankewa ba. Mama ta ce in aka yi mata haka an binne ta a zaune.

Abin da Mama ba ta sani ba shi ne maganar likita game da zuciyar Baba. Maiɗinki ce ta raka shi asibiti, kuma tun ranar maganar ta tsaya mata a ƙirji.

Haka suka bi obin-obin, tana laluben su ido rufe. Wannan ƙofarsa ta yi nauyi, wancan makunninsa na juyawa salin-alin, ba ka sanin inda ka tsaya. Can ta saci kallon Baba. Ya zauna a kan wani kwali yana haki, leɓensa ya yi fari, hannunsa dafe da ƙirji kamar mai neman abu a aljihu. Ta ce su tafi gida, gobe ma rana ce. Ya yi kamar bai ji ba.

Can a lungu suka sami wani na lantarki, tsohon yayi, mai ƙura a ka. Makunnansa manya ne, suna yin ƙas a kowane mataki, kuma in lokaci ya cika sai ya buga ƙararrawa ya kashe kansa. Maiɗinki ta kunna, ta saita zafi, ta kashe, duk ba ta buɗe ido ba. Baba ya sa ta maimaita har mai kanti ya gaji ya koma kujerarsa. Sannan aka ce wannan na nuni ne, wayarsa ta lalace, sabon sai ƙarshen mako za a kai gida.

"Ƙarshen mako," Baba ya maimaita a hankali. A hanya ya ce, "Ke dai kin iya shi yanzu. In ya zo ba na nan..."

"Baba, don Allah ka bari."

"Na bari. Amma kin iya."

Tun daga ranar ya fitar da kujerarsa bakin ƙofa. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa a kan sitiyari, daga kukan inji yake gane mota tun ba ta shawo kwana ba, sai ka ji ya ce wannan ta masu ruwa ce, waccan kuma tana neman bakanike. Maiɗinki ta jawo kekenta kusa da taga. Ɗinki take yi, amma rabin hankalinta na kan kujerar, har ta haɗa wa wata hannun riga a baibai. Wata safiya babbar mota ta shigo layin da ƙara, Baba bai ɗaga kai ba. Ta tsayar da keken ta kira shi. Kafin ta isa wurin ta riga ta sani.

Washegarin da aka binne Baba, gida cike da masu gaisuwa, motar kanti ta tsaya a ƙofa. Matar Lauya ta riga ta haɗa wa Mama jaka, jakar na jingine a bakin falo. Lauya ya dubi ƙaton kwalin, ya ce wa masu dako su yi haƙuri su mayar, mai gidan ya rasu, gidan ma rufe shi za a yi.

Maiɗinki ba dangi ba ce, ba ta da ta cewa a nan, kuma tsoron Lauya take ji tun suna yara. Duk da haka ta matsa, ta faɗa masa yadda aka zaɓi obin ɗin. Ya ce ya gode, amma ba zai yi caca da ran mahaifiyarsa ba.

"A shigo da shi," in ji Mama daga cikin ɗaki.

Aka shigo da shi, aka jona. Maiɗinki ta kama hannun Mama ta ɗora a kan makunni, tana addu'a a ranta kar tsohuwar ta rikice a gaban ɗanta. Mama ta murɗa, ta saurara, ta mayar. Ta laluba na biyun, ta tambayi aikinsa. Daga nan ta zame hannunta daga na Maiɗinki ta yi komai da kanta, har ƙararrawar ta buga, wutar ta ɗauke.

"Ashe abin da ya sa ya dawo ran nan yana haki ke nan," ta ce. "Ya ce min mota ce ta sauke ku nesa. Shi a zatonsa ba na jin numfashinsa."

Lauya ya daɗe tsaye a bakin kicin, sannan ya juya ya ɗauki jakar ya mayar da ita ɗaki. Da ya dawo sai ya durƙusa da manyan kayansa yana ɓare ledar da ke jikin ƙofar obin ɗin. Mama ta sake kunnawa, ta ɗora tafin hannunta a kan gilashin tana jiran ya ɗumama.