Rigar da Mama Magdalena Ba ta Rufe Ba

"Mama, tsaya! Me kike yi haka?"

Saura kaɗan kofin kunun gyaɗa ya suɓuce daga hannun Nuriyya. Tana tsaye a bakin ƙofa, labule a kafaɗarta, idonta a kan hannuwan tsohuwar. Mama Magdalena na zaune a kujerar roba, ta ɗora kumburarrun ƙafafunta a kan bokitin da aka kife, tana ɗaga zoben zare ɗaya tana haurar da shi ta kan na kusa da shi. Wata bakwai Nuriyya ta yi tana kallon hannuwan nan kullum da yamma. Ta san wannan ba saƙar ƙara tsawo ba ce. Rufe baki ne.

"Shigo mana, Amarya. Ka tsaya a ƙofa kamar ɗan sanda." Haka Hausar Mama take, mace da namiji duk "ka" ne a wurinta.

"Rufewa kike yi, Mama."

"Rufewa nake yi."

"Ai ban haihu ba."

Duk wanda ya zauna a layinsu na Nassarawo ya san dokar Mama Magdalena. Mutuniyar Numan ce, tsohuwar malamar firamare, kuma tun kafin ta bar aiki babu jaririn da aka haifa a layin, na Musulmi ko na Kirista, da bai sa hula da safa da rigar ulunta ba. Mutane na tsokanarta cewa a wannan zafin na Jimeta ita ce ke dafa 'ya'yan mutane, ta yi dariya ta ci gaba da saƙarta. Za ta gama hula, ta gama safa, ta haɗa hannayen riga, amma layin ƙarshe na ƙasan rigar a kan tsinke take barinsa. Sai an zo an ce mata jariri ya yi kuka, sannan ta ɗauki jakarta ta je ta zauna a bakin gadon mai jego, ta leƙa fuskar ɗan, ta rufe bakin rigar a wurin. Shekara arba'in ba wanda ya ga ta saɓa.

"Dubi hannuna," in ji Mama. Ta ɗaga su, yatsun sun yi suntum, suna rawa. "Jiya sau huɗu tsinke ya faɗi. Likita ya ce zuciya ya gaji. In na tafi na bar riga a buɗe, wa zai rufe? Hilda? Matar ɗana ko maɓalli bai iya ɗinkawa ba."

Nuriyya ba mai yawan magana ba ce. Shekara biyu a gidan hayar nan, ba a taɓa jin muryarta daga tsakar gida ba. Ita kanta ba ta san lokacin da ta dire kofin ta fizge rigar ba, da tsinkayen da ƙwallon zaren gaba ɗaya. Ta fita da sauri, da cikinta na wata takwas a gaba, zaren ruwan ƙwai na jan ƙasa a bayanta.

A ɗakinta ta tura ƙofa ta zauna ta ƙirga. Kowane ɗan zoben zare da ke kan tsinke, ido Mama take ce masa. An rufe ido shida.

Wannan ne cikinta na uku. Na farko ya zube tun suna zaune a Sangere, tana shekarar ƙarshe a jami'a. Na biyu ya kai wata bakwai, aka haife shi bai yi kuka ba, mijinta Rilwanu ya fita da shi a naɗe cikin farin ƙyalle, ita ko fuskarsa ba ta gani ba. Ilimin ƙwayoyin cuta ta karanta. Ta san babu ruwan zare da abin da ke cikin mahaifa. Ta kuma san camfi ba abin da Musulmi zai riƙe ba ne. Duk da haka ta naɗe rigar a ɗankwali, ta tura ta can ƙasan akwatin kayan haihuwa, ta kwanta ta dafa cikinta tana jira. Da ɗan ya harba, sannan ta saki numfashi.

"Zare ne fa," in ji Rilwanu da ya dawo daga ofis ta gaya masa. "Ki yi istigfari, ki mayar wa baiwar Allah kayanta."

"Na sani, Hamma," in ji ta, da sunan girmamawar da take kiransa da shi.

"To?"

"Na sani. Amma ka bar shi inda yake."

Ya dube ta, ya ɗauki buta ya fita.

Kwana huɗu ba ta taka ƙofar Mama ba. Takan dama kunun, ta tsaya ta bayan labule har sai ta ga Hilda, matar Apollos ɗan Mama, za ta wuce, ta miƙa mata. Katanga ɗaya ce tsakanin ɗakunan biyu. A da, ƙarar tsinkaye take ji ta cikinta, ƙas-ƙas-ƙas, kamar kaza na tsattsagar tire. Yanzu sai tari, da jan numfashi mai tsawo, wani lokaci kuma muryar tsohuwar: "Amarya! Amarya, kana nan?" Nuriyya sai ta yi lamo a kan gado, kunya da tsoro sun danne ta, har kiran ya mutu.

"Adda Nuriyya, ke da kika yi jami'a, ki rasa abin sata sai rigar jariri?" Hilda ta ce da ita a rana ta uku, tana karɓar kofin. "Mama ta ce kotu za ta kai ki. Abeg, ki shiga ki gan ta. Hannunta ba ya zama banza, jiya bakin zanin gado na kama ta tana tsifewa."

Nuriyya ta yi murmushin dole, ta ce za ta shigo. Ba ta shiga ba.

A rana ta biyar da ruwa aka tashi, irin na watan Agusta da ba ya ƙarfi kuma ba ya ɗaukewa. Ɗan ya saba motsi da ta idar da sallar asuba. Ran nan shiru. Ta ce barci yake. Rilwanu ya tafi aiki, ba ta gaya masa ba. Ta sha ruwan sanyi, ta kwanta ta ɓangaren hagu kamar yadda aka koya musu a wurin awo. Ta sha shayi mai sukari. Ta ɗan tura cikin da yatsa, nan da can. Ƙarfe tara ta wuce, goma ta wuce. Cikin ya yi mata nauyi kamar an ɗora mata tulu, kuma ta san irin wannan shirun, ta taɓa jin sa.

Ta bayan katanga matan zumunta na cocin su Mama sun fara waƙa ƙasa-ƙasa. Ba su saba zuwa da safe ba.

Hilda ta ɗaga labule. Yau babu wasa a fuskarta. "Tana kiranki. Tun jiya ba ta ci komai ba."

Nuriyya ta durƙusa da ƙyar ta jawo akwatin. Ido shida. Tun asuba abin da ke yawo a kanta ke nan: da ta shiga da wuri, da ba a rufe ko ɗaya ba. Ta rungumi ƙunshin ta bi Hilda cikin yayyafi, ko takalmi ba ta sa ba.

An jingina Mama da filo uku. Ta ragu ƙwarai a kwana huɗun nan, in ban da ƙafafun. Mata uku na zaune a tabarma da littattafan waƙa, suka dakatar da waƙar da ganin Nuriyya. Apollos na tsaye ta wajen taga.

"Ɓarawo ya zo," in ji Mama, muryar kamar ana jan takarda.

Nuriyya ta zube a gaban gadon. "Mama, ki warware. Don Allah ki warware shidan nan. Tun asuba bai motsa ba."

Tsohuwar ta daina murmushi. Ta miƙo hannu ta ɗora a kan cikin, ta daɗe.

"Tun asuba? Kana zaune a ɗaki tun asuba?" Ta juya kai. "Apollos! Nemo keke. Yanzu. Hilda, kira mijinsa a waya, ya same su a asibiti."

Apollos ya fita da gudu.

"Mama, ki warware tukuna."

"Ji nan, Amarya." Ta tsaya ta nemi numfashi. "Ɗana na fari, Ishmael. Na gama rigarsa tun yana ciki, na rufe, na goge, na ajiye. Ya zo lafiya. Ya sa rigar. Wata tara, ƙyanda ya ɗauke shi. Ƙyanda ne, ba riga ba. Ni malama ne, na sani tun ran nan. Amma da na zo rufe na gaba, hannu ya ƙi." Ta yi tari, Hilda ta goge mata baki. "Tsorona ne, nawa ni kaɗai. Ban saƙa don in ba ka ba. Zare ba zai duba maka yaro ba, likita ne zai duba. Kawo rigar."

Nuriyya ta ƙara ƙanƙame ƙunshin. A waje keke ya tsaya yana hon. Ta dubi ƙofa, ta dubi hannun da ke miƙe a iska. Idan ta bayar, Mama za ta rufe. Idan ta tafi da shi, wannan hannun haka zai koma wayam, kuma ta ga fuskokin matan da ke kan tabarma, ta san abin da suka zo jira.

Ta ɗora ƙunshin a cinyar tsohuwar.

"Yawwa. Tashi. Ka sa takalmi, kamar ba 'yar boko ba."

Hanyar duk ruwa ce. Mai keken na kauce wa ramuka, Apollos na ce masa ya yi a hankali, ya kuma yi sauri. Nuriyya ta riƙe ƙarfen da hannu ɗaya, ɗayan a kan cikinta, bakinta na addu'a, amma a cikin kanta ƙirga take yi. Yanzu ta rufe na bakwai. Yanzu na takwas.

A asibiti wata nas ta shafa mata abu mai sanyi a ciki ta ɗora na'ura. Sai shuuu, kamar rediyon da ya rasa tasha. Ta matsar. Shuuu. Rilwanu na tsaye a bakin ƙofa, rigarsa sharkaf. Nas ɗin ta sake matsarwa can ƙasa, ta danna. Sai ga bugun zuciyar, ɗan ƙarami, da sauri-sauri, kamar ana buga ƙofa daga nesa.

"Yana nan," in ji nas ɗin. "Amma ya gaji, kuma jininki ya hau. Me ya sa ba ki zo da wuri ba? Bari in kira likita."

Bayan la'asar aka yi mata aiki. Tana jin ana taɓa ta kamar a jikin wata, tana kallon farin silin, har aka ɗaga wani abu ta bayan ƙyallen da aka tare ta da shi. Shiru. Ta rufe ido. Sai kuka, siriri, mai haushi.

"Mace ce," aka ce.

Abin da ta fara cewa Rilwanu da aka fito da ita shi ne, "Ka kira su. Ka ce wa Mama ta yi kuka."

Ya ce to, ya gyara mata bargo, bai ɗauko wayar ba. Ta dubi fuskarsa, ba ta sake tambaya ba.

Bayan kwana biyar aka sallame su. Kafin nan an kai Mama Numan an binne ta. Ƙofar ɗakinta a buɗe take, an jingina katifar da bango, an wanke bokitin an kife a waje. Da hantsi Hilda ta shigo ɗakin Nuriyya da jakar saƙar, ta zauna a bakin gado, kamar yadda Mama kan zauna a gadon mai jego.

"Ƙarfe uku ta cika," in ji ta. "Amma ta ji an sami bugun zuciyar, mijinki ya kira da azahar. Da na gaya mata sai ta ce, to, a miƙo mata tsinke. Ni na riƙe mata ɗaya, ita tana ɗaya. Zagin da na sha ran nan, Adda, ban sha shi ba tun da na shigo gidan nan." Ta yi dariya, ta share ido da bakin zani. "Ta ce in gaya miki, wata bakwai kina kallo kamar mage, kin iya."

Nuriyya ta zaro rigar. An rufe bakin. Ido shidan farko sun jeru daidai kamar haƙoran mataji. Daga nan layin ya fara karkacewa, wani ya matse, wani ya saki, wani wurin har yatsa zai shiga. A can ƙarshe, an zare tsinken, an soke ido uku a jikin babban fil na nafkin, an bar zare mai tsawon hannu yana lilo.

Jaririyar ta yi miƙa a gefenta, ta yamutsa fuska. Nuriyya ta leƙa ta sosai. Sannan ta buɗe fil ɗin, ta mayar da ido ukun kan tsinke a hankali, ta ɗaga ɗaya ta haurar ta kan ɗaya. Nata ya matse fiye da kima, gefen rigar ya ɗan tattare. Ta bar shi haka. Hilda ta miƙo almakashi, a waje kuma yayyafi ya sake farawa a kan bokitin da aka kife.