Tsakanin Kyamara da Weji

Tun kafin in kashe mota na jiyo ƙarar gatura, kau! kau! kau! Sai zumuɗi ya kama ni, kamar ba ni ce na baro birnin Hobart ina cika baki wai aiki kawai zai kai ni gida ba. Ranar gasar masu saran itace ce a garinmu, ranar da ko mai jego ba ta zaman ɗaki. Da gatari da zarto kakanninmu suka ci abinci a dazukan Tasmaniya, kuma da inji ya zo ya ƙwace aikin, jikokinsu suka rantse ba zai haɗa da wasan ba.

Sana'ata ɗaukar hoton biki, amma ranar hoto ɗaya tak ya kawo ni: babana Merv da mamata Glenys suna jan zarton mutum biyu. Tun ba a haife ni ba suke shiga tseren mace da namiji, kuma duk hotunansu sun tafi a gobarar dajin da ta cinye tsohon gidanmu. Ga shi likita ya ce wata mai zuwa zai yi wa Baba aiki a kafaɗa, daga nan shi da zarto sai kallo. Mama da kanta ta kira ni. "Narelle, ki taho da kyamarar nan taki mai dogon baki. Fuskokinmu nake so, mu biyu, ba ƙeya ba."

Na same su a bayan rumfar shayi, Baba yana shafa haƙoran zarto da yatsa kamar mai lallashin yaro. Darcy da matarsa Tahlia, zakarun bara, suna tsaye a kansa suna tsokana.

"Tsoho, ka tabbata wannan zarton zai kai ƙarshen gungume? Ai ya girme ni," in ji Darcy.

"Ya girme ka, ya kuma fi ka haƙora," in ji Baba, bai ko ɗago kai ba.

Tahlia ta tuntsire da dariya. "Mama Glenys, in kun gaji ku ɗaga hannu, mu zo mu ƙarasa muku."

"Ke dai ki kula da naki mijin, bara har ya fara kiran uwarsa."

Na bar su na shiga fili. Wayyo daɗi! Ƙamshin ɗanyen itace ya cika ko'ina, ɓarɓashi yana tashi sama da kawunan mutane, masu sara sanye da fararen wanduna suna ta haki. Na yi ta ɗauka har yatsana ya yi zafi. Na kuma zaɓi wurina tun da wuri: in na kwanta rub da ciki a gefen igiya, rana tana bayana, zan samu fuskar Baba a dama, ta Mama a hagu, zarto a tsakiya. Na ajiye jakata a wurin, na gargaɗi duk wanda ya matso.

Sai tsautsayi ya faɗa wa Kawu Clarrie, ƙanen Mama. Ya shiga saran dattawa, ya kai wa gungume wani sara na nuna isa, wuyan hannunsa na dama ya gurɗe. Shi ne kuwa mai wejinsu. Masu jan zarto biyu ne, amma sai da na uku: wanda zai tsaya a kan gungumen yana fesa wa zarto mai, ya kuma cusa weji, wato ɗan katako mai siririn baki, a bakin yankan don kada itacen ya matse ƙarfen. Ya yi gaggawa ya ɓata, ya makara zarto ya cije.

"A samo wani mana, ga mutane nan birjik," na ce.

Baba ya girgiza kai. "Baƙon hannu ba zai hau zartona ba. Bai san jan mamarki ba. Gara mu janye."

 Mama ta dube ni, ta dubi kyamarar da ke wuyana, ta kawar da kai. Ta san ni ce na riƙe musu weji tun ina 'yar sakandare, kafin in tafi birni Kawu ya karɓa. Ta kuma san ita ce ta roƙi hoton, shi ya sa ta kasa cewa in karɓi wejin. Raina ya ɓaci sosai, har na ji haushin Kawu da saransa na burga. In na riƙe kyamara babu tsere, in na riƙe weji babu mai ɗauka. Lasifika kuwa ta fara kiran sunaye.

Na cire kyamarar na rataya wa Kawu. "Ga inda za ka kwanta. Na saita komai. Ka ga wannan maɓallin? Danna kawai, kar ka ɗaga yatsa."

"Haba 'yar nan, ni za ki koya wa? Ai da hannun hagu ma sai in ɗauki tsuntsu a sama."

Ƙa'idarmu, masu ƙaramin ƙarfi ake fara saki, zakaru su jira. Alƙali ya fara ƙirga, lambar su Baba ta zo, zarto ya shiga itace da wani shuuu mai daɗin ji. Ja, saki, ja, saki. Ba mai tura zarto, kowa nasa ja ne, ya sakar wa ɗan'uwansa. Na fesa mai, na cusa weji daidai lokacin da bayan zarton ya nutse. Garin katako yana zubo wa Mama a takalmi. Can na ji an saki su Darcy, zartonsu yana kuka kamar inji, filin ya ɗauki ihu.

"Glenys! Glenys! Ja shi, tsohuwa!"

Da muka wuce tsakiya na ga kafaɗar Baba ta fara gardama. Fuskarsa ta yi jawur, jansa ya gajarta. Mama ta gani kafin ni. Sai ta ƙara tsawon nata jan, ta dube shi ido cikin ido, ta daka masa tsawa: "Merv, kar ka kuskura!" Wallahi sai mutumin nan ya yi dariya, a tsakiyar tsere, ya dawo da ƙarfinsa. Ban taɓa ganin fuskokinsu kusa haka ba. Na danna weji, na yi ta kurma ihu har muryata ta dushe, ban ma san me nake faɗa ba.

Faifan itacenmu ya faɗi ƙasa, tim! Na su Darcy ya biyo baya, ko numfashi ɗaya babu a tsakani. Filin ya rikice. Tahlia ce ta fara rugowa ta ɗaga Mama sama, Darcy yana ta faɗin, "Tsoho, ka cuce ni! Ka cuce ni!"

Na kutsa cikin mutane na fizgo kyamarata daga wuyan Kawu, na buɗe hotunan tseren. Hoton farko: sama. Na biyu: sama da rufin rumfa. Na uku: karen wani yana lasar takardar nama. Haka na yi ta wucewa har ƙarshe. Ashe tun da aka saki su Baba, Kawu ya miƙe tsaye yana tsalle, yatsansa a kan maɓalli kamar yadda na ce masa.

"Sun fito kuwa?" in ji shi, yana washe baki.

 Na zauna a kan wani kututture, hawaye suka ɓalle mini. Mama ta zo ta leƙa, ta ga karen, sannan ta dafa kaina.

Sai ga Baba ya taho rungume da faifan da suka yanke, ya ɗora mini a cinya. Ya kama yatsana ya bi da shi a kan fuskar itacen, inda haƙoran zarto suka bar layi-layi.

"Nan muka fara, kin ji yadda ya yi sumul? Nan kika sa weji. Wannan ɗan tudun, nan ne kafaɗata ta ƙi." Ya matsar da yatsana ƙasa kaɗan, inda layukan suka yi faɗi, muryarsa ta sauka. "Daga nan zuwa ƙarshe kuwa, duk mamarki ce."

Mama ta karɓi faifan ta rungume a ƙirji, da garin katakon da komai.

"A falo za a kafa shi," ta ce.